Ranar da Kawu Ya Tsallaka Fage

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, da makaɗi da wanda ake yi wa kiɗan. Kawuna, wan mahaifiyata, ya riga mu ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar ɗaurin gero. Ina kasuwar Gidan Rumji ina awon wake aka kira ni a salula. Na bar buhu a buɗe na hau moto, wato babur ɗina, amma ko da na isa ƙauyenmu, can gefen Cadakori, an gama yi masa sutura, sallah kawai ake jira.

Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Tabarmi sun cika har gindin dogon yaron ƙofar gida. Amma akwai zuwan da ake yi don mamaci, akwai wanda ake yi don kada a ce ba a gan ka ba, kuma wanda ya daɗe a kasuwa kamar ni yana rarrabe su tun daga sallama. Kowa ya durƙusa sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya ɗan dakata, ya ƙara da Allah ya yafe masa kurakuransa, yana kallona ta wutsiyar ido. Wani tsoho ya girgiza kai ya ce, "Mutumen kirki na, wallahi, in ban da..." Bai ƙarasa ba, kuma babu wanda ya nemi ya ƙarasa. Samari biyu suna gefe suna ta lalube a salularsu ko za su sami muryarsa, suka rasa, ɗayan ya ce ashe tsohon bai bar komai ba. Kukan gaskiya daga cikin gida yake fitowa, wurin matan da ya yi shekaru yana yi wa kiɗan suna da biki.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, wan mahaifina, wanda muke kira Baba Babba, ya ja ni gefe.

"Ran sadakar ukku za ka tashi gaban jama'a ka ce ka yahe mishi," in ji shi. "Kai anka yi ma abun, kai ad da hakki. Kak ka bar shi kwance da nauyinka."

Abin da yake nufi kowa a garin ya sani, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce, ni ne ɗan kokowar da garinmu ke taƙama da shi. Ranar da 'yan Gidan Sori suka zo mana, Kawu, wanda shi ne makaɗinmu, ya tsallaka fage ya yi wa abokin karawata kiɗa, aka kayar da ni. Tun ranar gari ya yanke cewa waƙar Kawu ce ta kayar da ni, ba ƙarfi ba. A kan wannan labari na zauna duk tsawon shekarun nan ina shan inuwarsa. In na tashi na ce na yafe, na buga masa hatimi ke nan, an rufe Kawu da sunan wanda ya sayar da garinsu. In kuwa na ƙi, dole in faɗi abin da na ɓoye, kuma daga ranar babu sauran mai ce mini gwarzon da ba a taɓa kayarwa da hannu ba. Kwana biyu gare ni in zaɓa. Na ce wa Baba Babba Allah ya kai mu.

Amma bari in fara gaya muku wane ne aka rufe, don waɗanda suka zauna a tabarmin nan rana guda tak suke riƙe da ita daga cikin shekarunsa.

Kawu bai taɓa yin waƙa ɗaya sau biyu ba. Ba alfahari ba ne, haka Allah ya yi kansa. Sauran makaɗa sukan zauna da 'yan amshinsu su shirya waƙa, su bi ta, su adana ta don gobe. Shi kuwa yakan rataya ganga ya fito ba komai a bakinsa sai goro, ya iso wuri, ya tsaya ya duba mutane. Abin da idonsa ya faɗa a kai shi ne waƙar ranar. 'Yan amshinsa sun sha wuya a hannunsa, don ba su sanin abin da za su amsa sai ya fito daga bakinsa, shi ya sa ba su daɗewa da shi. In an yi masa ƙorafi yakan ce, "Ni ba ni zuwa gidan suna da tuwon jiya." A gida kuwa ba ka ce shi ne ba. Mutum ne mai shiru, ya wuni yana gyaran danga bai yi magana goma ba, har matarsa takan ce duk maganarsa ya kai wa mutanen waje.

Na tuna wata gayya a gonar maƙwabcinmu. Mazan gari sun jeru da fartanya, Kawu yana bin su da ganga. Sai ga wani ango ya zo da sabon wando, yana noma yana kiyaye shi daga ƙasa, har aka bar shi can baya. Kawu ya koma wurinsa ya tsaya a kansa:

Mai sabon wando, ƙasa ba ta cizo,
Duƙa, in ya yage amarya na da zare.

Kafin a kai ƙarshen gona angon nan ya wuce kowa. Wandon kuwa ya yage daga baya, kuma yagewar ma ba ta tsira ba, nan take ta shiga waƙa. Ranar an gama gonar tun kafin a kawo fura.

Labarin waƙar ya kai kunnen wani ma'aikacin rediyo, ya zo takanas da na'urarsa, ya zaunar da Kawu a inuwa.

"Baba, ta mai wando za ka yi muna."

"To ina mai wandon?"

"Ai waƙar muka so, ba mutumen ba."

"Kawo mini shi, da gonar, da ranar da ta ƙone mu, sai in yi ma. In babu su, ni ban san ta ba."

Da mutumin ya matsa, sai Kawu ya dube shi daga sama har ƙasa, ya soma waƙar takalmansa masu tsini da gumin da ke bin wuyan rigarsa. Jama'a suka yi ta faɗuwa don dariya. Ya kashe na'urarsa ya tafi da fushi, kuma ban ji an taɓa sa ta a rediyo ba. Dalilin da ya sa samarin nan suka rasa muryarsa ke nan. Su yi ta cewa bai bar komai ba. Su shiga kowane gida a garin nan su tambaya, za a rera musu layi biyu da aka yi wa kakansu ko kakarsu, waɗanda ba a taɓa yi wa wani mahaluki ba. Wace salula ce ta riƙe irin wannan?

Akwai wata gwauruwa a bayan gidanmu, 'yarta ta haihu, ranar suna kuwa ta zo daidai da bikin gidan wani mai hali da ya ɗauko amsa-kuwwa daga Maradi. Mata duk suka kwashe zuwa can. An gayyaci Kawu can ɗin ma, amma da ya wuce ya ga tsohuwar zaune da tukunyar tuwonta ba mai ci, sai ya sauke ganga a ƙofarta. Ya soma waƙar tukunyar, wai tana kuka an bar ta ita kaɗai, yana kiran matan unguwa ɗaya bayan ɗaya da irin ɗaurin ɗankwalin kowace. Wadda ta ji an kira ta sai ta leƙo, in ta leƙo kuma ba ta komawa. Kafin la'asar sai da aka ɗora tukunya ta biyu.

A kokowa aka fi saninsa. Kowane ɗan kokowa yana da takensa, wato kiɗan da in aka buga ya san da shi ake, tsikar jikinsa ta tashi, ya fito fage. Kawu ba ya ara wa mutum taken wani. Sai ya ce maka, "Taka in gani." Ka yi tafiya daga nan zuwa can, yana kallon ƙafafunka, kansa a karkace, can sai ka ji ganga ta soma bin sawunka. Nawa ya fito ne ranar da na ɗauko dami biyu a kai daga gona, ina da shekara goma sha bakwai. Ya tare ni a hanya ya ce in koma in sake tahowa, da kayan a kaina. "Ɗan ƙanwata, dami biyu, wuya guda." Shekara shida ana buga mini shi, gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha jawo masa surutu. In an yi kaye, kowa rugawa yake wurin wanda ya yi nasara, ana ɗaga shi, mata na guɗa. Kawu sai ya nufi wanda ke ƙasa. Yakan tsaya a kansa ya yi masa layi biyu ko uku, har ya tashi ya kakkaɓe jiki ya fita da ƙafarsa kamar mutum, ba a sulale ba. In an ce masa ai kyauta tana can wurin mai nasara, sai ya ce, "Wancan duniya duk ta zama makaɗinai yau. Wanga ni ɗai gare shi."

Dangin mahaifina manoma ne tun kaka da kakanni, kuma ba su taɓa mantawa da cewa ɗansu 'yar makaɗa ya auro ba. Suna son ganga in tana kiran sunansu, amma ba su son ta a cikin dangi. Baba Babba ya sha faɗa a gabana cewa makaɗi ba shi da gari. Duk lokacin da na yi kaye ni ɗansu ne, jinin manoma. Babu mai tuna wanda ya tsaya a bayana da ganga.

Shekarar da abin ya faru damina ta yi kyau. Ni dai a bakin mutane na ji ta yi kyau, don ban taka gona ba. Suna ya shiga kaina. Na bar wa ƙannena fartanya, ina yawo daga Cadakori zuwa Tibiri zuwa Maradi, duk inda na sauka a yi mini kirari, a ajiye mini tsire da shayi. Ciki ya fito, numfashi ya gajarce. Babu wanda ya lura, ko kuma babu wanda ya so ya lura. Kawu ne kaɗai, wata safiya na wuce ƙofar gidansa, ya bi ƙafafuna da kallo ya ce, "Tahiyarka ta sake, ɗan ƙanwata. Ganga za ta riga ka." Na yi kamar ban ji ba.

Bayan kaka 'yan Gidan Sori suka iso cikin amalanke uku, ana fitowa daga sallar azahar. Na ga wanda za mu kara ya diro. Bai kai ni tsawo ba, amma wuyansa da kansa kaurinsu ɗaya, tafin hannunsa duk kantar noma. Na san abin da na gani. Sai ga labari ya zagaye fage, cewa a hanya makaɗinsu ya faɗo daga amalanke, ganga ta fashe, hannunsa ya gurɗe. A al'adar fagenmu ɗan kokowa ba ya fitowa babban karo ba a buga masa take ba, kuma in an kira shi sau uku bai fito ba, rana ta masu gida ce. Mutanenmu suka soma murna. Baba Babba yana ta faɗin Allah ne ya yi mana faɗan. Ni kuwa ina tsaye ana ɗaura mini kambu, na murtuke fuska kamar wanda aka hana abinci, a zuciyata ina roƙon Allah kada a sami mai yi masa kiɗa.

Aka kira sau ɗaya. Aka kira na biyu. Baƙon yana zaune a ƙasa kai sunkuye, mutanensa sun yi tsit. Sai Kawu ya gyara ratayar gangarsa, ya ratsa tsakiyar fage shi kaɗai, a hankali, kamar mai zuwa masallaci. Wurin ya yi shiru har ina jin maganarsa daga inda nake.

"Ban san takenka ba, samari. Tashi ka taka in gani."

Ya tashi ya taka. Kawu ya karkata kai. Bai kai taku goma ba ganga ta kama shi, wani kiɗa gajere mai nauyi da babu kunnen da ya taɓa jin sa a duniya sai a lokacin:

Baƙo ya zo da ƙahwa tai, ganga ta tsaya hanya,
Ga ganga, baƙo, hili ba shi korar mai zuwa,
Gajere mai wuyan turmi, taka, ƙasa ta ji ka.

'Yan Gidan Sori suka ɗauki amshi kamar sun shekara suna koyonsa. Ina kallo mutumin nan ya ɗago kai, kafaɗunsa suka buɗe.

Ga abin da garinmu ya manta, ko ya ga dama ya manta. Kawu ya dawo. Ya sake ratsa fagen, ya tsaya a bayana, ya buga mini nawa taken, bugun da ban taɓa jin irinsa ba, har jijiyoyin wuyansa suka fito. Duk abin da ganga za ta iya ba mutum ya ba ni ranar. Na shiga. Da muka kama juna sai na ji kamar na rungumi kututturen gawo. Ban daɗe ba. Ya ɗaga ni ya ajiye, bayana ya sha ƙasa, kaye mai tsabta wanda ba gardama a cikinsa.

Kawu ya zo kaina kamar yadda yake zuwa kan kowa. "Tashi, ɗan ƙanwata, ƙasa gaishe ka ta yi, ba riƙe ka ba." Na tashi, na ture gangar da hannuna, na fita. Kafin in kai bakin fage na ji wani ya ce an sayar da mu. Na ji daɗin maganar nan. Allah ya sani na ji daɗinta, kuma na kama ta hannu biyu.

Ni ɗan fari ne, Inna mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta nuna damuwa da ni gaban mutane. Amma ranar ta ajiye kunya, ta shiga gidan wanta tun rana ba ta faɗi ba. Ina bayan danga ina jin su.

"Yaya, ɗan cikina ka yi ma haka? Gaban dangin ubanai, da kullum jira sukai su ga abun hwaɗi gare mu?"

"Da ya ci hili babu gumi, mi zan waƙa mishi gobe? In ce ga jarumin da amalanke ta yi ma kokowa?"

"To ka waƙa baƙo. Tahi ka sha hurar baƙo."

Tun tana budurwa, kullum ta dama fura sai ta aika masa da ƙwarya guda, ko da ta yi aure ba ta fasa ba. Daga ranar ƙwaryar ba ta sake fita ba. Suna gaisawa a wurin suna da makoki, irin gaisuwar mutanen da mota ta haɗa.

Gari ya daina kiransa kokowa. Aka riƙa ɗauko wani makaɗi daga nesa, mai shiryayyun waƙoƙi guda biyar, sunaye kawai yake sauyawa. Kawu ya koma gayya da bukukuwan mata. Da gayya ta ja baya sai ya riƙa zuwa filin ƙwallo na bayan lakol, wato makarantar boko, da yamma, in an zura wa mai tsaron gida ya je bayan raga ya yi masa waƙa har ya daina riƙe kai. Ban taɓa jin ya kare kansa ba, ko sau ɗaya. Ni kuwa na bar kokowa, na ce zuciyata ta fita daga cikinta tunda na gida ya ci amanata. Mutane suka tausaya mini. Labarin ya bi ni kasuwa yana ƙara ƙiba. Na taɓa zama wani yana ba da shi a gabana, wai har na ɗaga baƙon sama, Kawu ya sauya kiɗa, hannuna ya mutu. Na gyaɗa kai na ci gaba da awo.

Sau ɗaya muka taɓa maganar, ranar kasuwar Cadakori, kamar shekara goma bayan nan. Na tarar da shi yana jiran amalanke, ganga a cinya, na ce ya hau moto in kai shi. Muna cikin tafiya, da yake ba na ganin fuskarsa, bakina ya buɗe.

"Kawu, ka san ba waƙarka ba ce."

"Na sani."

"To don mi ba ka hwaɗi ba?"

"In hwaɗa ma wa? Kai kana da mata da ɗiya da kasuwa, da sunanga kaka tsayuwa cikin mutane. Ni makaɗi na, zagi ba baƙo na ba gare ni. Bar mini kayana, wuyana ya saba."

Sai ya miƙo hannu ta baya ya bubbuga mini ciki, ya soma waƙar tumbin da ya hana moto gudu. Na yi dariya har na kusa kai mu cikin gonar wani. Na sauke shi a ƙofar gida na tafi da sauƙi a raina, kamar an ba ni izini. Ba izini ba ne. Alheri ne ya yi mini, ni kuwa na karɓa na shimfiɗa na ƙara kwanciya a kai. Da ciwo ya kwantar da shi bana na je duba shi sau biyu, kuma duka biyun hirar wake muka yi.

Ranar Juma'a, kwana ɗaya da rasuwarsa, na shiga yi wa matarsa gaisuwa. Tana zaune a lulluɓe, carbi a hannu. Da na tashi zan fita ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Na ji gobe kana da magana." Na ce haka ne. Ta ce, "Shi ya hana ni buɗe baki yana da rai. Ban sani ba ko ya hana ka." Na sa takalmina na fita.

Ranar Asabar da safe aka taru sadakar uku. Liman ya yi addu'a, aka raba masa da goro. Baba Babba ya gyara murya ya ce ɗansu yana da magana da jama'a. Na tashi.

"Jama'a, an ce in yahe ma Kawu. Ba ni yahewa."

Wuri ya yamutse. Liman ya ce subhanallahi. Na ɗaga murya, irin wadda nake kiran 'yan dako da ita.

"Ba ni yahewa, don babu abun yahewa. Ba waƙa ta kada ni ba, ƙarhi anka hi ni. Shekaran nan ban yi noma ba, kuna gani na, tsire nika ci gari-gari. Da gangarsu ta hwashe, roƙon Allah ni yi kada a samu mai yi mishi kiɗi, don na ga mutumen kuma na ji tsoro. Kawu ya dawo ya buga mini takena. Da yawanku kuna wurin. Wanda bai gani ba shi tashi shi ce na yi ƙarya."

Babu wanda ya tashi. Can daga baya wata murya ta ce, "Ya dawo kam. Mun gani."

Baba Babba ya daka mini tsawa. "Zamna! Gidanmu za ka tozarta gaban mutane don makaɗi?"

"Baba, makaɗin nan shi ya ɗauki kunyar gidanmu, bai aje ta ba sai cikin kabari. In akwai mai neman gahwara wurin nan, ni na, sannan ku."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi, wasu suka bi shi. Su tafi. Ban yi nadamar kalma ɗaya ba, kuma in aka sake tara su gobe zan maimaita. Labari ya riga ni isa kasuwa, yanzu 'yan dako suna ce mini wanda aka kayar, suna jira su ga ko zan yi fushi. Amsawa nake, don sunana ne na gaskiya.

Na ɗauka na gama da mai wuyar, sai na shiga cikin gida. Mata sun ji komai ta saman danga. Inna tana zaune a gefen matar Kawu, hannuwanta a kan gwiwa. Ba ta kuka.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar, Inna."

"Tun ranar," in ji ta. "Uwa ɗaya, uba ɗaya. Shi ya goye ni. Da yana jinya na zo har sau ukku, na tsaya bakin ƙohwa na yi mishi sannu, ban shiga ba. Yana kirana, ban shiga ba. Don kai."

Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce wanda ke da hakkin mun rufe shi shekaranjiya, ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yalwata maka makwanci, ya haɗa ka da waɗanda ka tayar daga ƙasa. Garin da ya juya maka baya ya ji gaskiya, ko ya so ko ya ƙi. Ni kuma kowace Juma'a ina hawan moto in je in durƙusa a ƙofar ɗakin Inna. Tana amsa sallama. Har yau ba ta ce in shigo ba.